Ranar da Na Riƙe wa Hajiya Tebur

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da zan manta da ranar da na fara saka fararen kayan aiki. Har yau in na shiga gidan mutane na ga tebur mai gilashi sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, in nemi kujerar da ta fi nisa da shi in zauna. Maigidana kuwa da zarar ya lura sai ya hau tarin ƙarya, wai shi a dole ba dariya yake yi ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, gari ya cika da sababbin masu mulki da sababbin motoci. Ni kuma ina sabuwar nas, an dawo da ni birni daga ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke can bayan Rano, ina zaune a gidan Gwaggona a Gyaɗi-Gyaɗi. A wurin aiki na haɗu da Nasiru, yana ɓangaren bayar da magani. Mutum ne mai sanyi, ga haƙuri, ga shi ba ya iya riƙe magana a cikinsa (wannan halin nasa shi ya jawo mini komai). Mun daidaita, Gwaggo ta san da zancen, Babana a ƙauye ya ce a turo. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne babba: Hajiya.

Hajiya ita ce babbar yayar Nasiru. Ita ta riƙe shi a gidanta na Tarauni tun rasuwar mahaifiyarsu yana ƙarami, ita ta yi masa makaranta, don haka a danginsu maganarta ita ce magana. Kawunnansa sun faɗa masa ƙiri-ƙiri, ba wanda zai saka takalmi ya tafi neman aure sai Hajiya ta ga yarinya ta ce ta yi. Ga shi mijinta ya samu kujera a sabuwar gwamnati, gida ya canja, abokan hulɗa sun canja.

Wata rana da yamma Nasiru ya zo zance, muna zaune a soro, ya ce, "Na gaya wa Yaya Hajiya. Ta tambaye ni 'yar ina ce, na ce daga bayan Rano."

Na ce, "Sai ta ce me?"

"Sai ta ce, uhm."

"Uhm kawai?"

"Uhm kawai. Amma ta ce in kawo ki ku ci abinci tare ranar Asabar ta sama, a gidan abincin 'yan Caina da ke Nasarawa. Can take zuwa yanzu."

Wallahi wannan "uhm" ɗin ya hana ni sakat. Na juya shi, na sake juya shi, na fassara shi da kaina: wato 'yar ƙauye ce, ba ta waye ba, ba za ta iya shiga cikinmu ba. Kuma na gane dalilin zaɓen wurin, so take ta ga yadda zan yi ƙauyanci a gaban mutane. Raina ya ɓaci, amma ban karaya ba. Na ce a zuciyata, ni da na iya samo jijiyar jariri in saka masa ƙarin ruwa, abincin 'yan Caina ne zai gagare ni? Ina son Nasiru, kuma ba zan bari a raba mu saboda kwanon shinkafa ba.

Abu ɗaya na sani game da 'yan Caina, shi ma a talabijin ɗin maƙwabta na gani: ba sa cin abinci da cokali, da tsinke biyu suke ci. Shi ke nan, na ce jarrabawar ke nan. Ban tambayi kowa ba (tambaya ai ita ce za ta tona ni). Washegari da na taso aiki na tsaya wurin mai tsire, na ce ya sayar mini amma kada ya zare tsinken. Ya dube ni, ya dubi fararen kayana, ya naɗe mini. Na kai wa Gwaggo naman, na wanke tsinkayen tas, na zauna a tsakar gida na fara karatu.

Da dafaffen dankali na fara. Ranar farko ko ɗaya bai kai bakina ba, kajin Gwaggo ne suka ci riba. Daga nan na koma gyaɗa, sannan wake, sannan na kai ga uwar wahala, shinkafa. Yatsuna suka ƙage, tsakanin babban yatsa da manuni ya yi kanta. A wurin aiki ma in na samu sarari sai in haɗa biro biyu ina ɗaukar auduga. Gwaggo ta zuba mini ido kwana da kwanaki, rannan dai ta kasa daurewa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, cokali ya ƙare a duniya ne? Ko hannun da Allah ya ba ki ne ya yi laifi?"

Na ce, "Gwaggo, ba za ki gane ba. Haka ake ci a wurin manya."

"To Allah ya kyauta. In dai manyan nan haka suke wahala kafin su kai loma baki, ni kam na gode wa Allah da ya bar ni a ƙarama."

Ban kula ta ba. Kafin Asabar ta zo ina iya ɗaukar ƙwayar wake ɗaya daga faranti in kai baki ina kallon wani wuri. Na ce alhamdulillahi, Hajiya ta zo da duk abin da za ta zo da shi.

Ranar da azahar na saka atamfata mafi kyau, na yafa babban mayafi, Nasiru ya zo da motar gidan Hajiya da direba muka ɗauki hanya. Da muka shiga Nasarawa sai na ga tituna shiru, bishiyoyi manya, ba mai talla, ba ƙarar 'yan acaɓa. Gidan abincin kansa tun daga ƙofa ya fara ba ni tsoro. Jajayen fitilu na takarda a rataye, sanyi kamar a ɗakin ajiye magani, ga wani kiɗa siriri yana tashi ban ga daga inda yake fitowa ba. Kowa magana yake ƙasa-ƙasa. Na gyara tafiyata, na ɗaure fuska irin ta wadda ta saba.

Hajiya na zaune a wani babban tebur mai zagaye, ita da aminiyarta Hajiya Asabe. Hajiya mace ce doguwa mai cika ido, ta sha wani farin leshi mai duwatsu, irin wanda ko taɓa shi sai ka wanke hannu. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su. Ta amsa ba yabo ba fallasa, ta ce, "Tashi ki zauna, Sista." Aka zaunar da ni daura da ita, tebur a tsakaninmu.

Yanzu bari in yi bayanin teburin nan, don a nan gizo ke saƙar. A samansa akwai wani faffaɗan gilashi mai zagaye, ya ɗan ɗaga sama da teburin kaɗan, a kansa ake jera abinci. Ni dai na ɗauka ado ne. Da mai kawo abinci ya zo, wani saurayi da farar riga da jan ɗamara, ya ajiye babban kwanon miya yana tururi a gefen Hajiya, sai na ga gilashin ya motsa. Ɗan kaɗan, amma ya motsa. Ya ajiye farantin ganye, ya sake motsawa.

Sai an san inda na fito za a gane abin da ya shiga kaina. A ƙaramin asibitin da na fara aiki ba abin da yake tsayawa da ƙafarsa. Teburin gefen gado yana rawa, keken tura magani yana zamewa, sandar rataya ƙarin ruwa sai an tokare ta. Babbar Sistar da ta koya mana aiki kullum maganarta ɗaya ce, duk abin da kika ga yana motsi kusa da mutum kuma da kaya a kansa, ki fara riƙe shi, surutu ya biyo baya. Hannuna ya saba, yana kai kansa tun kafin in yi tunani. To ga miya mai zafi, ga gilashi yana zamewa, ga farin leshin matar da aurena ke hannunta. Na ce a raina, wuri duk tsadar nan amma teburinsu ya kwance! In na yi magana na kunyata Hajiya da ta zaɓi wurin. In na yi shiru miya ta kife mata a cinya. Sai na zura hannun hagu ta ƙarƙashin mayafi, na kama bakin gilashin, na danne. Ba wanda ya gani. Na ji wani daɗi a raina, na ce yau ga ranar 'yar ƙauye.

Aka gama jera abinci. A gabana aka ajiye soyayyiyar shinkafa da wani ƙaton kifi da aka kwantar a dogon faranti, yana ta ƙamshin citta. A gaban Hajiya kuwa miya ce da ganye da ɗan kwanon yaji mai mai. Mai kawo abinci ya tambaya ko akwai mai son tsinke. Hajiya ta ce a'a, ta ɗau cokali. Hajiya Asabe ta ɗau cokali. Nasiru ma cokali. A nan ya kamata mai hankali ya ɗau cokali. Amma ni da na yi kanta a hannu? Na ɗago kai na ce, "Ni dai a ba ni tsinken, na fi sabawa da shi."

(Na fi sabawa da shi! Allah ya yafe mini. Nasiru ya juyo ya dube ni kamar yau ya fara ganina.)

Aka kawo. Sai na tarar nasu ba irin na mai tsire ba ne, masu kauri ne, ga santsi. Na yi bismillah na sunkuyar da kai, don dama ba a ɗaga ido a gaban surukai, na shiga aiki. Hannun dama yana kokawa da shinkafa, hannun hagu yana riƙe da rayuwar Hajiya. Loma ta farko ta isa lafiya. Ta biyu ma. Na ji Hajiya Asabe ta ce, "Ikon Allah, ka ga 'yan zamani." Na ɗauka yabo ne, kaina ya ƙara girma.

Can sai na ji gilashin ya fizga. Na ƙara dannewa. Ya tsaya. Jim kaɗan ya sake fizga, wannan karon da ƙarfi. Na ce lallai abin nan ya kusa rabuwa da gindinsa, na kawo gwiwar hannu na ɗora. Gumi ya fara tsattsafo mini duk da sanyin wurin. Kafaɗata ta yi tsami. Amma na rantse a raina ko hannun zai cire ba zan saki ba. Ana ja, ina dannewa, ina kuma kai shinkafa baki a hankali da fuskar mutuniyar kirki.

Abin da ban sani ba, saboda kaina na ƙasa, shi ne Hajiya ce take ja. Gilashin nan dama don ya juya aka yi shi. In kana son abin da ke can gefe, sai ka tura shi da yatsa abincin ya zagayo gabanka. Hajiya kuma saboda kifin nan take zuwa wurin, ga shi can a gabana, ita an bar ta da ganye da yaji tun da aka fara.

Na ji ta ce, "Asabe, taya ni, abin nan ya ƙi." Na ji nauyin ya ninku. Na kafa ƙafa a ƙasa. Sannan ta ɗaga murya ta kira mai kawo abinci.

"Kai, zo nan. Wai teburin nan naku lalacewa ya yi ne?"

Jama'a, da na ji wannan tambaya farin ciki ne ya kama ni. Na ce ashe ita ma ta lura, yanzu za ta san wadda ta cece ta. Yaron ya zo ya sa hannu biyu yana turawa, yana ba da haƙuri, yana cewa da safe lafiya lau yake. Ni kuwa na ɗago kai, na yi murmushi irin wanda muke yi wa majiyyaci kafin allura, na ce da murya mai daɗi yadda kowa zai ji:

"Eh Hajiya, tun ɗazu na lura yana motsi. Amma kada ku damu, na riƙe shi."

Hajiya ta dube ni. Hajiya Asabe ta dube ni, cokali a hanya. Nasiru ya rufe ido, ya ce a hankali, "Juyawa yake yi. Haka aka yi shi."

Ban san lokacin da na saki ba. Matsalar ita ce yaron bai daina turawa ba. Gilashin nan da ya sha ɗauri ya kwasa da gudu, farantai suka bi shi, kifi ya wuce ta gabana, shinkafa ta wuce, kwanon miya ya zagayo ya tuntsure daidai inda na shafe tsawon lokacin nan ina hana shi zuwa. Farin leshin Hajiya ya koma ruwan ƙasa tun daga ƙirji har cinya, ga silin taliya ɗaya ya maƙale a jikin duwatsun.

"Innalillahi!" in ji Hajiya Asabe. Mutanen sauran tebura duk suka juyo. Wani ɗan Caina ya fito da sauri daga ciki yana ta sunkuyawa. Ni kuwa na so ƙasa ta buɗe in shige, amma na ga miyar ta zubo wa Hajiya a hannu, tana yarfewa. Na watsar da tsinkayen, na kama ta, na ce, "Hajiya mu je famfo, yanzu-yanzu." Ban jira izini ba na ja ta zuwa wurin wanke hannu na mata, na tara hannunta a ruwan sanyi na riƙe.

Muna tsaye mu biyu, ruwa na zuba. Fatar ta yi ja amma ba ta tashi ba. A nan ne hawaye suka ƙwace mini, don na san na gama yawo. Na riga na hango Nasiru yana aiko mini da saƙon haƙuri. Tunda komai ya lalace, sai na ga ba sauran abin da zan ɓoye.

Na ce, "Hajiya ku yi haƙuri. Wallahi ban taɓa shiga irin wurin nan ba. Na ɗauka teburin ya kwance ne, na ji tsoron kada miya ta zubo muku."

Ta ce, "Tun yaushe kike riƙe da shi?"

"Tun da aka kawo miyar."

"Da hannu ɗaya? Ni da Asabe da yaron nan muna ja?"

Na gyaɗa kai. Sai ta ce, "To shi tsinken da kika fi sabawa da shi fa, a ina kika saba?"

Na ce, "A tsakar gidan Gwaggona. Da tsinken tsire."

Na ga leɓenta ya motsa, ta juya fuska ta kalli bango. Kafaɗunta suka ɗan girgiza. Da ta juyo fuskar ta koma yadda take, ta zare hannunta, ta ce, "Ba ni mayafinki in rufe wannan ɓarnar, ki yafa nawa." Ta juya ta fita. Na bi ta a baya kamar wadda za a kai wa alƙali.

Muka tarar an sake shimfiɗa, an kawo sabon kifi. Hajiya ta zauna, ta kira yaron ta ce, "Kwashe itatuwan nan, ka kawo mata cokali. Yarinyar nan yunwa take ji, tun ɗazu ƙwaya-ƙwaya take tsinta kamar kaza." Sannan ta sa yatsa ɗaya, ɗaya tak, ta tura gilashin. Ya taho a hankali, lafiyarsa ƙalau, ta tsayar da kifin a gabana.

"Ci," in ji ta. "Kin yi aiki."

Hajiya Asabe ta fashe da dariyar da take ta dannewa, har da riƙe ciki. Na ɗau cokali, ina ci ina haɗiye hawaye, ban ma san ɗanɗanon kifin ba. Sai da muka kusa tashi Hajiya ta goge baki, ta dubi ƙaninta da ya yi zuru-zuru, ta ce, "Nasiru, in ka koma ka biya wurin su Kawu. Ka ce na ce su sa rana su je Rano."

Sai bayan biki, ina amarya a ɗakina a Babban Giji, Hajiya Asabe ta ba ni sauran labarin. Ashe "uhm" ɗin nan ba ta ƙauye ba ce. Hajiya da kanta a ƙauye aka yanke mata cibiya. Tsoronta nas, wai an ce mata 'yan asibiti idonsu a tsaye yake, ga iyayi, ga raina mutane. Kuma gidan abincin ba tarko ba ne, kifin kawai take so. Da na ce a ba ni tsinke na fi sabawa da shi, ta taka ƙafar Hajiya Asabe ta ƙarƙashin tebur, ma'ana ga abin da nake faɗa miki. Wato duk wahalar da na sha da wake da gyaɗa ita ta kusa kashe mini aure, ƙauyancin da na yi ta ɓoyewa kuma shi ya ɗaura shi. Da na gaya wa Gwaggo, ko tausayi babu, cewa ta yi, "Ni dai kajina sun gode."

Leshin bai ƙara fita ba, an kai wanki har an gaji. Sunan ma bai fita ba. Yau 'ya'yana sun girma, amma duk taron dangi in tabarma ta karkace ko rumfa ta fara rawa, sai ka ji muryar Hajiya daga can ƙurya, ta tsufa amma bakin na nan: "Ku kira matar Nasiru ta riƙe mana!"

Ni dai na ɗau darasina. Yanzu in na shiga baƙon wuri na ga abu yana motsi, sai in naɗe hannuna a cikin mayafi, in tambayi na kusa da ni ko dama aikinsa ke nan. In kuma aka ce cokali ko tsinke, tun ba a rufe baki ba nake cewa a ba ni cokali, babba.